Abin da garin ƙarfe ya koya mini game da tace arsenik

Arsenik, wani sinadari mai guba da kan shiga ruwan ƙasa, ba shi da launi, ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano, kuma tafasa ruwa ba ta fitar da shi. Shi ya sa rijiyoyin burtsatse da aka haƙa wa mutanen Bangaladash tun shekarun 1970, don a raba su da kwalara da gudawa, suka daɗe suna shayar da su guba kafin a gano a 1993. Wanda ya jima yana sha, fatarsa kan yi dabbare-dabbare, tafin hannu da na ƙafa su yi kanta, wani har ciwon daji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce maikirogiram 10 a lita guda ta ruwan sha (maikirogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram).

Aiki da ƙwayoyin nano na ƙarfe, wato ƙwayoyi ƙanana ƙwarai da ido ba ya iya ganin ɗayansu, don cire arsenik daga ruwa yana da ban sha'awa. Baƙin gari ne mai laushin gaske. Ka barbaɗa kaɗan a kwalba, ka girgiza, tsatsar da ke jikin ƙwayoyin ta cafke arsenik ta riƙe gam. Ka kanga maganaɗisu a jikin kwalbar, sai ka ga baƙin ya tattaru gefe guda, ruwan ya washe. Masana a Jami'ar Rice ta Amurka sun nuna haka a 2006 da ƙwayoyi masu girman nanomita 12 (nanomita shi ne kashi ɗaya cikin biliyan na mita).

Babban darasin da na koya shi ne, ruwan ɗakin gwaji daban, ruwan rijiya daban. Na rijiya yana tafe da sinadarin fosfet, wanda ƙirarsa ta yi kama da ta arsenik, sai su yi ta rububin mazauni a jikin ƙarfen. Silika, sinadarin da ke cikin yashi, ita kuma ta lulluɓe wani sashe na jikin ƙarfen. Su kansu ƙwayoyin, da zarar an bar su, sai su dunƙule kamar gari a ruwan zafi, faɗin jikinsu da ake taƙama da shi wajen cafke arsenik ya ragu. Yanzu idan aka nuna mini sakamako mai kyau, tambayata ta farko ita ce: da wane ruwa aka gwada?

Akwai kuma abin da ya fi damuna. Arsenik ba ya mutuwa, wuri kawai yake sauyawa. Laka baƙa da ta rage a gindin kwalba tana ɗauke da dukkan gubar, kuma idan aka binne ta inda babu iska, tsatsar kan narke ta sake shi ya koma cikin ruwan ƙasa. Ta irin wannan hanya ce ya shiga rijiyoyin Bangaladash tun farko. Don haka ba na fara gwaji sai na san inda za a killace lakar, da wanda zai kula da ita.