Dala 27 da Mai Ƙuli-ƙulin Unguwarmu

Na daɗe ina ganin kasuwanci daban, taimakon jama'a daban, sai da na karanta tarihin Muhammad Yunus na Bangaladash. A 1976 wannan malamin jami'a ya ranta wa mutum 42 na ƙauyen Jobra dala 27 daga aljihunsa domin su kuɓuta daga masu ba da bashi da ruwa mai tsanani, kuma daga nan Bankin Grameen, mai ba talakawa ƙananan rance, ya samo asali.

Labarin ya tuna mini da wata maƙwabciyarmu a Tudun Wadar Zariya mai sana'ar ƙuli-ƙuli. Kullum bashin gyaɗa take karɓowa, ta soya, ta matse mai, amma idan ta biya mai gyaɗa, abin da take ƙullewa a bakin zane bai kai kuɗin cefane ba. Jarin buhu guda kaɗai zai canza lissafinta.

Sai dai bashin Grameen ma akwai ruwa a cikinsa, abin da mutanenmu ba za su karɓa ba, kuma da gaskiyarsu. Shi ya sa nake nazarin yadda za a ɗora tsarin a kan adashi, ko mudaraba, inda mai jari da mai sana'a ke raba riba.