Baiwar da na rubuta ba ta san tsoro ba

Labarina na farko na tarihi na gina shi ne a kan Yaƙin Basasar Kano, wanda ya ɓarke a 1893 bayan rasuwar Sarki Bello, lokacin da aka naɗa ɗansa Tukur, Yusufawa, wato magoya bayan Yusufu da ke neman sarautar, suka fice zuwa Takai. Jarumar yarinya ce da mayaƙa suka kama a ƙauyensu, aka sayar da ita a birni, daga baya ta faɗa son wani barde. Da na gama, na zauna na karanta wa gwaggona. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ɗan nan, wannan yarinyar ba a taɓa sayar da ita ba."

Na ji haushi, amma gaskiya ta faɗa. Na sa yarinyar ta tsaya gaban uwargijiyarta tana zuba jawabin 'yanci kamar 'yar jami'a. Zuciyata na cusa mata. Wadda aka raba da uwarta jiya, ta ga an ƙirga wuri a kanta, abin da ke ranta shi ne kada a sake sayar da ita, a kai ta inda ba za ta ƙara jin labarin gida ba. Turjiyarta a ɓoye take: shiru, jan aiki, ƙin manta sunan da iyayenta suka raɗa mata.

Ƙannena masu rubutu, kuskurena na biyu ya fi wannan. Na ɗauka bawa iri ɗaya ne. Ashe wanda ke noma a rinji, wato ƙauyen bayi manoma, daban, bacucane da aka haifa a gidan daban, mai biyan murgu, wato kuɗin da bawa ke ba ubangijinsa don a bar shi ya yi aikin kansa, yana sana'arsa yana tara kuɗin fansa shi ma daban. A fadar Kano ta wancan zamani kuwa, masu sarautun Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama bayin sarki ne, amma da dawakansu da nasu bayin, hakimi ma yana shakkarsu. Da na san haka tun farko, da barden nan bawan sarki na yi shi, rikicin ya fi armashi.

Soyayyar ce ta fi ba ni kunya. Har kalaman waya na sa musu, ita kuma tana kiran sunansa gatsal. Na manta cewa idan ubangijinta ya so ya mai da ita ƙwarƙwara, ba wanda zai tambaye ta, kuma in ta haifa masa ɗa, yaron ɗa ne ba bawa ba, ita ma ta 'yantu bayan mutuwar ubangijin. To ta zaɓi barden da ƙila ba zai dawo daga fagen daga ba, ko ta zaɓi 'yancin ɗanta? Nan labarin yake, ni kuwa na tsallake shi.

Da na sake rubutawa, duk hirar tasu na share. Na bar shi ya aiko mata da goro biyu ta hannun wata tsohuwa. Ta ci ɗaya, ta ƙulle ɗayan a bakin zane har ya bushe.