Aron Baki: Abin da Shekarar Kulle Ta Koya Mini

A ƙarshen watan jiya na miƙa makullan ofis da littafin kama rana ga wanda zai gaje ni, bayan shekara 7 ina manajan wani ɗakin taron biki a Kano. Waɗanda muke sana'a ɗaya da su sun san yadda aikin yake, saboda haka ba zan tsaya bayanin jera kujeru da lissafin dizal da rarrashin uwar amarya ba. Abin da nake so in rubuta ya faru ne tsakanin Afrilun 2020 da Janairun 2021, lokacin da gari ya rabu biyu a kan ko a sassauta dokar kullen korona ko a bar ta yadda take, domin a cikin waɗannan watanni ne na tafka kuskuren da har yau ban gama yafe wa kaina ba, balle in yafe wa wanda ya tura ni.

An rufe Kano a daren 16 ga Afrilu, 'yan kwanaki bayan an tabbatar da mutum na farko da ya kamu da korona a jihar. Gwamna Ganduje ya ce na mako guda ne, amma kafin watan ya ƙare Shugaba Buhari ya sanya wa jihar kullen mako biyu, daga baya kuma aka sake tsawaitawa. A farkon Mayu aka ware Litinin da Alhamis, daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, don mutane su fita cefane, kuma duk wanda ya leƙa 'Yankaba ko 'Yan Lemo a waɗannan sa'o'i shida ya san cewa tazarar da ake ta wa'azinta ba ta bi kowa kasuwa ba. Mu dama ba a biki a watan azumi, don haka makonnin farko ba su yi mana ciwo sosai ba. Sai da aka yi ƙaramar salla a ƙarshen Mayu, lokacin da muka saba ganin littafinmu cike babu ko Lahadi ɗaya da ta rage, sannan muka gane zurfin ramin da muka faɗa. A farkon Yuni aka buɗe kasuwanni ranakun Laraba da Juma'a da Lahadi, bayan 'yan makonni aka ba gidajen kallon ƙwallo izini, mu kuwa shiru.

Masu ɗakunan taro suka zauna suka yanke shawarar a fita a yi magana a rediyo, tunda a Kano abin da ba a faɗa a rediyo ba kamar ba a faɗe shi ba ne. Sai dai babu ko ɗaya daga cikin masu dukiyar da ya yarda a ji muryarsa yana jayayya da gwamnati. Maigidana ya kira ni ya ce, “Manaja, kai ne ka yi boko, kuma ka iya tsara magana, kai za ka je mana.” Na ce, “To, ranka ya daɗe,” kuma gaskiya daɗi na ji, domin na ɗauka girmama ni aka yi.

An haɗa ni a shirin da wani likita mai sanyin magana, wanda gajiya ta bayyana a idonsa. Na ce idan Kantin Kwari da Sabon Gari za su ci, inda kafaɗa ke gogar kafaɗa, kuma matasa za su cunkushe a gidan kallo suna ihu a kan ƙwallon Ingila, babu dalilin da zai sa a bar mu a rufe, mu da muke da ƙofa ɗaya da mai gadi da damar ƙirga duk wanda ya shiga. Na ce a bayan kowane ɗakin taro akwai masu girki da masu wanke-wanke da masu kwalliyar wuri da masu hoto da yaran da ke ɗauko kujeru, waɗanda idan ba a yi biki ba tukunyarsu ba ta hawa murhu. Sannan na yi alkawari da sunan dukanmu cewa idan aka buɗe mana ba za mu wuce rabin kujerunmu ba, babu mai shiga ba takunkumi, kuma za a auna zafin jikin kowa a bakin ƙofa.

Likitan bai musa maganar yunwa ba. Abin da ya ce shi ne kasuwa da ɗakin biki ba ɗaya ba ne: a kasuwa iska tana kaɗawa, mai saye yana tsayawa 'yan mintuna ya wuce, amma a wurinmu ana rufe tagogi a kunna na'urar sanyaya ɗaki, mutane su zauna sa'a uku ko huɗu, a cire takunkumi a ci abinci, kuma saboda ƙarar lasifika dole kowa ya kai bakinsa kunnen na kusa da shi ya ɗaga murya kafin a ji shi. Ya ƙara da cewa a biki ne ake haɗa jika da kaka a teburi ɗaya, alhali tsofaffi ne cutar ta fi kayarwa. Na san duk abin da ya faɗa gaskiya ne, domin na fi shi sanin cikin ɗakin nan. Ni ne nake sa a rufe tagogin don kada sanyi ya fita. Maimakon in amsa masa a kan maganarsa, sai na ce, “Likita, kai ƙarshen wata albashinka zai shiga ko an buɗe ko ba a buɗe ba.” Masu bugo waya suka yi ta yaba mini, wani har yana cewa yunwa ta fi korona kisa. Likitan ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ci gaba da bayanin wanke hannu. A lokacin abokan aikinsa da dama sun riga sun kamu da cutar a asibitocin Kano, na kuma sani, amma na fito daga gidan rediyon ina jin kaina kamar wanda ya yi kaye a fagen kokawa.

Bayan kwana biyu na je duba ɗakin, sai na tarar da wata dattijuwa da ke yi mana wanke-wanke tun kafin a ɗauke ni aiki tana zaune a inuwar bango kusa da janareta, ta tako da ƙafa tun daga unguwarsu. Ta gaishe ni ta ce, “Manaja, na ji ka a rediyo, ka ce saboda mu kuke so a buɗe. Allah ya saka da alheri. To, ɗana, ya maganar ɗan abin namu na wata uku?” Tun Afrilu maigida ya dakatar da biyan kowa banda ni da mai gadi, ya ce babu aiki babu biya, bai bayar da ko rabi ba, ko kwanon shinkafa na azumi. Na san haka, domin ni na sanar da su. Na ɗauki yunwar matar nan na kai rediyo na kafa hujja da ita, amma ban taɓa kai ta falon Alhaji ba. Na ce mata, “Inna, ki ƙara haƙuri, zan yi masa magana.” Na yi, sau ɗaya, a tsaye, yana ƙoƙarin shiga mota, ya ce in bari a buɗe tukuna.

Ranar 2 ga Yuli aka janye kullen, mu ma lokacinmu ya zo aka ba mu dama bisa sharuɗɗa kusan irin waɗanda na lissafa a rediyo. Masu ɗakuna suka shirya takardar alkawari da kowane wuri zai sa wa hannu a miƙa wa hukuma. Alhaji ya juya ta gaba da baya ya miƙo mini ya ce, “Ai kai ne a wurin kullum, sa hannu kawai.” Na sa, na rubuta cikakken sunana da lambar wayata a ƙasa, ban ɗauki ko minti ɗaya ina tunani ba.

Bukukuwa biyu ko uku na farko mun riƙe alkawari, daga nan abin ya fara zamewa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar biki a Kano ya san kati ɗaya yana shigo da mace da ƙannenta biyu da 'yar riƙonta da maƙwabciyar da ta ɗinka anko, kuma babu mai gadin da zai iya mayar da gwaggon ango gida wai don kujeru sun cika. Ɗakinmu yana ɗaukar mutum 500, mun yi alkawarin 250, amma maigida yana karɓar kuɗin cikakken ɗaki, wanda ya biya haka kuwa ba zai yarda a ba shi rabi ba. Mata suka riƙa zuwa da takunkumin da aka ɗinka da yadin anko, su ɗaura shi a ƙofa, su sauke shi ƙasan haɓa da zarar mai hoto ya matso. Batirin ma'aunin zafin jiki ya mutu a wata na biyu, yaron da ke riƙe da shi ya ci gaba da nuna shi a goshin baƙi yana cewa su wuce, ni kuma na gani na kau da kai. Na sha gaya wa Alhaji a rage yawan kati a rage kuɗin haya, amsarsa ɗaya ce: asarar watannin kulle wa zai biya shi?

A ƙarshen Disamba, da cutar ta sake tasowa, kwamitin shugaban ƙasa na yaƙi da korona da Boss Mustapha ke jagoranta ya shawarci jihohi su rufe wuraren taro na mako biyar, kuma kada taron biki ya wuce mutum 50. A Janairun 2021 gwamnatin Kano ta ba da umarnin rufe ɗakunan taro da gidajen kallo. Muna da dinar wani babban gida a ƙarshen makon, an biya kuɗi duka tun watanni biyu baya, kuma kuɗin sun daɗe da barin hannuna. Na kira maigida na ce a mayar musu da kuɗinsu ko a ɗaga ranar. Ya ce, “Ka lallaɓa a yi, a kashe fitilun waje, a rage sauti. In wani abu ya taso ina nan.” A waya ya faɗa, ban kuma ce ya turo mini a rubuce ba, domin a tarbiyyar da aka yi mana yaro ba ya ce wa maigidansa ya rubuta abin da ya faɗa.

Motocin baƙi ne suka tona mana asiri, don ba a ɓoye jerin motoci a bakin titi. Jami'ai suka iso ana tsakiyar liƙi, amarya da ango suna tsaye a fili. Ba su tambayi mai ɗakin ba, sunan da ke ƙasan takardar alkawari suka kira. Aka sallami baƙi, aka sa wa ƙofa kwaɗo, ni kuma aka tafi da ni sanye da babbar rigar da na sa don tarbar iyayen ango. Wayar Alhaji tana kashe har wayewar gari. An ci tara, an buɗe ɗakin bayan wani lokaci, amma abin da ya fi tarar zafi shi ne labarin da ya dawo mini daga taron masu ɗakuna, inda ya ce yaronsa ne ya yi gaban kansa don kwaɗayin ɗan abin da zai samu, shi yana Abuja bai san an yi ba. Kuɗin tarar kuma a albashina aka riƙa cirewa kaɗan-kaɗan har wata biyar. Na zauna bayan haka saboda ina da iyali kuma aiki ba ya samuwa a lokacin.

Yanzu da ƙura ta lafa, idan na tuna muhawarar nan sai in ga kowane ɓangare yana da rabonsa na gaskiya. Masu cewa a buɗe ba ƙarya suke yi ba, domin Kano gari ne da yawancin mutanensa sai sun fita suke samun na cefane, kuma tallafin da aka yi ta sanarwa bai isa gidajen yawancin ma'aikatanmu ba. Masu cewa a jira su ma ba ƙarya suke yi ba. A watan Yuni ministan lafiya Osagie Ehanire ya bayyana cewa binciken da aka yi a kan mace-macen da suka girgiza Kano ya ƙirga mutum 979, mafi yawansu tsofaffi, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya kasancewa korona ce sanadi. Wannan bayani ya fito kafin in shiga rediyo, ban kuma ambace shi ba. Abin da ban ji ba a duk tsawon jayayyar shi ne mai dukiya ɗaya daga cikinmu da ya fito ya faɗi abin da ya yarda ya rasa daga aljihunsa idan aka buɗe da rabin ɗaki. Ana gargaɗin kada a ari bakin mutum a ci masa albasa, ni kuwa da hannuna na ba da aron nawa, aka ci, warin ya zauna a kaina.

Sauran abubuwan da na koya ba su da tsawo. Kuɗin kafin alƙalami amana ne har sai an yi biki, ya kamata a ajiye su inda hannun maigida ba ya kaiwa cikin sauƙi, idan ana samun irin wannan wuri. Umarnin da aka bayar a waya a maimaita shi a saƙon tes cikin ladabi, “kamar yadda ka ce, ranka ya daɗe,” domin mai gaskiya ba zai ji haushi ba. Manajan da aka ce ya sa hannu ya fara duba ko shi ne yake yanke yawan kati da kuɗin haya. Uwar amarya kuma tana yafe ɗaga rana idan aka gaya mata gaskiya da wuri: a Janairun nan akwai iyalai biyu da na mayar wa kuɗinsu daga abin da ya rage a hannuna kafin maigida ya sani, kuma duka biyun wurinmu suka dawo suka yi bikinsu.

Likitan na hango shi a wani ɗaurin aure bara, na yi niyyar in je in gaishe shi in ba shi haƙuri, kafin in ratsa mutane ya shiga mota. A takardar miƙa aiki da na bar wa sabon manaja, shafi na farko jerin sunayen ma'aikata 14 ne da abin da kowannensu yake bi na watannin kulle, dattijuwar nan ce a sama. Da Alhaji ya gani ya tambaye ni ko har yanzu ban manta da wannan tsohuwar magana ba. Na ce, “Ban manta ba, ranka ya daɗe,” na ajiye makullan a kan tebur.