Yau na binne tafarnuwa a bayan madafi

Asabar, farkon Nuwamba.

Da na fito alwalar asuba na ji iskar ta sauya. Sanyi bai sauka sosai ba, amma leɓe ya fara bushewa, ruwan buta kuma ya yi sanyin da sai an daure. Hunturu ya ƙaraso ke nan, kuma shi nake jira tun da aka ɗauke ruwa. Tafarnuwa ba ta son damina, ba ta jure zafin bazara tana ƙarama, lokacinta shi ne wannan tsakanin, daga ƙarshen Oktoba zuwa cikin Nuwamba. Wanda ya bari har Disamba ta yi nisa, zafi zai cim mata kafin ta ɗaure kai, ya tashi da ganye kawai.

Dalilina ba wani mai tsawo ba ne. A gidan nan ba a ɗora tukunya babu tafarnuwa. Miyar kuka, farfesu, dakan yaji da citta da masoro da kanumfari, duk sai da ita. Ta 'yan kuɗin da yaro ke sayo mana a bakin layi kuwa kullum ƙanƙancewa take yi a cikin leda. Ga fili a bayan madafi, taku biyar a taku uku, ba abin da ke cikinsa sai tsohuwar randa da ciyawa.

Bayan karin kumallo na hau adaidaita sahu zuwa 'Yankaba, kasuwar kayan gwari ta Kano. Kasuwa ta cika, ga motocin tumatir da attaruhu ana ta sauke kwanduna, ƙasa duk ta jiƙe. Na kutsa har wajen masu albasa, can na samu wani dattijo da buhu biyu a gabansa. Ɗaya cike da irin farar nan mai manyan kawuna, tas da ita, wadda ake shigowa da ita daga ƙasar Sin. Ɗayan kuma 'yar gida ce, ƙanana, ɓawonta da ɗan ja-ja, da sauran ƙasa a saiwarta.

Muka gaisa, na tambaye shi kasuwa, ya ce da godiya. Na ce, "Baba, ta shuka nake so, ba ta miya ba."

Ya ɗago ya dube ni sosai. "Hajiya, lambu gare ku?"

Na ce a'a, bayan madafi ne kawai. Sai ya ja buhun farar gefe da ƙafarsa, ya ce in ma daina kallonta. "Wannan ta ido ce. Ta sha tafiya a jirgin ruwa, ta kwana a ɗakin sanyi, kuma can ƙasar da ta saba da ita ba irin tamu ba ce. Za ta iya tsiro miki, ki yi ta murna da ganye, ranar tono ki samu ba komai a ƙasa. Ɗauki 'yar Sakkwato."

Ya ce tasa daga wajen Wurno da Goronyo ake kawo musu, inda ake nomanta da rani tare da albasa. Na yarda da shi tun kafin ya gama, domin ko a tukunya na san bambancin. Ƙwara uku na 'yar gida sun fi rabin kan waccan ƙamshi da yaji. Wahalarta ɗaya, ɓarewa, sai farce ya yi zafi. Ni dai ban taɓa gane abin da ya sa muke rububin abu don girmansa da farinsa ba, alhali ɗanɗano muke nema.

Bai bar ni na auna da kwano kai tsaye ba. Ya zube mini a kan buhu ya ce in zaɓa da hannuna. Kan da za a shuka sai ya zama mai tauri, in an matsa ba ya lotsawa, ba baƙin tabo a gindinsa, ba ya yin sakayau a hannu. Wanda ya yi sakayau ya bushe a ciki ko ƙwaro ya riga ni. Ya ɓare ɗaya ya nuna mini: na waje-wajen nan masu kauri su ne iri, siraran da ke maƙale a tsakiya kuwa a kai su turmi. Ƙwara babba ita ke ba da kai babba. Tafarnuwa ba ta da wani iri da ake barbaɗawa kamar na albasa, abin da muke ci shi ne dai abin da ake binnewa.

Na taya, ya ce albarka. Na ƙara kaɗan, ya yi dariya ya sallama, har da gyara. Na sayi rabin kwano, na san ya fi ƙarfin filina, amma ragowar ba asara ba ce.

Da na dawo na tarar Kawu ya zo, ƙanin mahaifin maigidan. Ya yi shekaru yana noman rani a wajen Kura, inda ruwan madatsar Tiga ke bi ta hanyoyin ban-ruwa, kafin gwiwa ta zaunar da shi. Na durƙusa na gaishe shi, na kawo masa ruwa, ya hango ledar ya tambaya. Da na faɗa masa, ai sai ya ce a kai masa kujera bayan madafi. Daga nan aikin ya tashi daga hannuna ya koma nasa, ni da yara muka zama 'yan ƙwadago.

Ya sa babban yarona ya kafta ƙasar da fartanya, zurfin kamar taƙi ɗaya, ya farfasa ɓurɓushin, muka tsince duwatsu da gutsattsarin leda. Ƙasar tamu tana da ɗan laka, sai ya ce a zuba yashi bokiti biyu, domin in ruwa ya kwanta a gindinta ruɓewa take yi. Da na ɗauko takin awakin da na tara, ya damƙa ya sansana kafin ya yarda. "'Yata, wannan ya huce, zuba. Da ɗanye ne da ban bari ba, yana ƙona saiwa, ga shi yana kiran gara." Muka cakuɗa da ɗan toka daga murhu, aka ja fangali biyu ƙanana masu ɗan baki a gefe don riƙe ruwa.

Ɓarewar ce ta ci mana lokaci. Muka zauna a tabarma ni da 'yan matan, muna raba kawunan ƙwara-ƙwara. Kawu ya hana a cire farar rigar da ke jikin kowace ƙwara, ita ce kariyarta a cikin ƙasa. Ya kuma ce ba a ɓarewa a ajiye kwana da kwanaki, ranar da aka raba ranar ake shukawa. Auta ta ɗauka wasa ne, ta fige guda biyar tsirara kafin mu ankara, suka tafi kwanon miya.

Shukar kanta ba wuya. A tura yatsa a ƙasa kamar gaɓa biyu, a saka ƙwara tsininta na kallon sama, gindin da saiwa za ta fito yana ƙasa, a rufe a ɗan danna. Tsakanin ƙwara da ƙwara faɗin yatsu huɗu zuwa biyar, tsakanin layi da layi taƙi guda. Kawu yana zaune yana nuni da sandarsa, duk wadda aka kifa da kai sai ya gano. Ya ce ita ma za ta fito, amma sai ta yi kwana a ƙarƙashin ƙasa ta ɓata ƙarfinta, kanta ya fito a karkace. Na ga yana jin daɗin abin fiye da mu duka. Har labarin Agadas ya ɗauko, yadda mutanen duwatsun Abzin ke noman tafarnuwa da albasa a lambunansu da ruwan rijiya, a loda a manyan motoci a yo kudu da su.

Muka yi ban-ruwa da gwangwanin madara da aka huhhuda gindinsa, don kada ƙarfin ruwa ya tono abin da muka binne. Sannan muka shimfiɗa busasshiyar ciyawa sama-sama, saboda iskar hunturu tana shanye laima da wuri. Lissafin Kawu shi ne cikin mako ɗaya zuwa kwana goma za mu ga tsiro. Ruwa kuma ba kullum ba, sai na tura yatsa na ji saman ya bushe. Ciyawa a cire ta da hannu tun tana ƙarama, domin saiwar tafarnuwa ba ta nisa, fartanya na iya yanke ta. In na ga ganye ya fara yin fari-fari kamar an kankare shi, ƙananan ƙwarin nan ne masu tsotsar albasa, in yayyafa toka da safe. Bayan wata huɗu ko da ɗan ɗoriya, wajen Maris, ganye zai fara rawaya yana kwanciya. Nan ake ɗauke ruwa gaba ɗaya kamar mako biyu, a tone, a shanya a inuwa ba a rana ba, a ɗaure da ganyenta a rataye.

Maigidan ya dawo dab da magariba, ya leƙa ya ga fangali biyu, ya ce to, yanzu sai a riƙa yi masa adalci, kada a ba shi ɗanya zai tafi masallaci. Gaskiyarsa, hadisi ya yi hani ga wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa ko albasa ya shiga cikin jama'a da warinta. Na ce ta dahuwa ce, ya kwantar da hankalinsa, kuma ma sai nan da wata huɗu. Hannuna dai har yanzu yana tashi, na wanke da sabulu na goga lemun tsami, bai gama fita ba.

Matsalar da ta rage kajin maƙwabta ne. Suna tsallako katanga ta wajen da ta zube, kuma ba abin da suke so kamar ƙasar da aka kafta sabuwa mai taki. Yau na kifa tsofaffin kwanduna da wani yagaggen gidan sauro a kai, na danne da duwatsu. Gobe in Allah ya kai mu zan aiki yaro ya sayo kara dami biyu a kewaye wurin, ragowar tafarnuwar kuma in daka yaji da ita kafin Litinin.