Asabar, ranar da Galaga ta sauka ɗakin ƙasa

Ƙarfe sha ɗaya da rabi na dare yanzu, kafaɗata ta dama kamar an dake ta da taɓarya amma wallahi bazan iya kwanciya ba sai na rubuta yau ɗinnan tun ban manta komai ba. Galaga, tsohon injin gem ɗin nan mai tsayin mutum da ake jefa wa kuɗi a yi wasan harbin ƙwari a sararin samaniya, tana ƙasa. Tana besmen ɗina, wato ɗakin ƙasa, jikin bango, tsakanin injinan Ms. Pac-Man da Street Fighter II, kuma ta tashi tana aiki.

Ana idar da sallar asuba ban koma barci ba, shayi kawai na kurɓa na fita ɗauko ƙanin matata, shi ke da a-kori-kura kuma shi kaɗai ne in nace masa zo mu ɗauko kaya baya tambayar nauyinsu sai mun isa. Daga unguwarmu nan yammacin Chicago muka hau babban titin I-94 muka nufi wajen Milwaukee, tafiyar awa ɗaya da rabi da ɗan wani abu, sanyin Oktoba ya fara shigowa gilas duk ya yi raɓa. A hanya yake ce min Yaya wai me ya raba wannan da wanda ke cikin waya ne, ai Galaga har a waya akwai. Nace masa bari mu je ka gani da idonka, ni baki bazai iya ba.

Mai Galagar wani dattijon Bature ne, a garejinsa take an lulluɓe ta da tsohon bargo. Yace wani shagon fiza ne ya rufe shekaru da yawa da suka wuce ya saye ta saboda yaransa, yaran sun girma sun watse, tun da ta daina tashi bai ƙara bi ta kanta ba. Da ya yaye bargon ban ce komai ba na ɗan lokaci. Hoton ƙwaron nan na gefe yana nan, ya ɗan koɗe ta ɓangaren da rana ke bugu, robar gefe ta tsattsage, ƙasan akwatin ta baya ya sha ruwa katakon ya kumbura kamar burodin da ya jiƙe. Amma allon sarrafawa na taɓa, nan gefen maɓallin harbi fentin ya cinye har ƙarfe ya fito yana sheƙi, daidai inda tafin hannu ke zama. Ga ƙunar taba guda biyu a gefen hagu. Na tura sandar hagu da dama, don ita Galaga hagu da dama ne kawai babu sama babu ƙasa, naji tana ƙas ƙas ɗinta yadda ya kamata.

Na roƙe shi makulli na buɗe ƙofar kuɗi na haska da fitilar waya. Akwai wata 'yar mita a ciki mai ƙirga kowane kwata da aka jefa, sulen nan na santi 25, naga ta tsaya a 41,736. Na tsaya ina lissafi a zuciya, sama da dala dubu goma kenan da ta ci kwata kwata, kowane ɗaya wani ne ya tsaya a nan gaban da kuɗin aljihunsa yana fatan yau zai wuce inda ya mutu jiya. A baya kuma takardar kamfani na nan manne, Midway, Franklin Park, Illinois. Namco na Japan ne suka ƙirƙiri wasan a 1981, Midway suka karɓi lasisi suna ƙera akwatunan a nan Amurka, kuma Franklin Park ɗin daga gidana ko minti ashirin bata kai ba a mota. Na nuna wa ƙanin nawa nace ka ga gida za mu maida ta.

Mun daidaita a dala 600 ba tare da doguwar magana ba. Muna ɗaurewa dattijon yake cewa akwai wanda ya zo makon jiya yace zai saya ya fidda kayan cikin duka, ya saka sikirin ɗin zamani da ƙaramin bod ɗinnan mai wasa sittin a ciki, shi kuma haka kawai ransa bai kwanta ba. Nace masa Allah ya saka da alheri, na fassara masa, yayi dariya ya riƙe hannuna.

Wannan abu yana ci min rai gaskiya. Ni ba na faɗa da masu buga tsofaffin gem a kwamfuta, manhajar MAME mai kwaikwayon waɗannan injina tun 1997 take adana wasannin da da tuni sun ɓace kuma nima ina amfani da ita. Amma ka samu akwati na asali da bod ɗinsa da monitansa da wayoyinsa yadda ma'aikata suka ɗaure su shekara arba'in da wani abu, ka yanke ka zubar don kawai gyara na da wahala, to wannan ɗin ya tafi kenan, babu masana'antar da ke sake ƙera kwalbar talabijin irin wannan yanzu. Kuma hoton ma ba ɗaya bane. Taurarin da ke gangarowa a bayan Galaga a kwalba suna ƙyalli ne cikin baƙi wuluk, a sikirin ɗin zamani kuwa baƙin sai ya koma toka toka, taurarin su zama ɗige ɗige marasa rai.

Mun iso gida wajen azahar, muka yi sallah muka ci abinci sannan aka fuskanci matakala, wadda tun jiya ita ce a raina. Matakalar besmen ɗinmu goma sha uku ce kuma a ƙasa akwai kwana, ga rufin ƙafa bakwai ne kacal. Abin ya haura kilo ɗari, nauyin kuma duk a sama yake saboda monita. Da na sauko da Street Fighter bara ban cire komai ba kuma har yau ga tabon a bango, to yau na koyi darasi nace monita zai fita tukun.

Fitar da monita kuwa ba wasa bane. Kwalbar tana aiki da wuta wajen volt dubu ashirin kuma tana iya riƙe caji ko an kashe ta, shi yasa ko shekara nawa ta yi a ajiye ni sai na sauke cajin. Na ɗaura waya jikin sukundireba, ɗaya bakin na maƙale a ƙarfen firam ɗin, hannun hagu a aljihu, na zura bakin a hankali ƙarƙashin robar nan mai kama da kofin ƙaho da ke bayan kwalbar har ya taɓa ƙarfe. Shiru, ba ko ƙyas. Na jira na sake. Maman yara tana tsaye bakin ƙofar gareji tana cewa Abban yara don Allah ka bi a hankali, nace in sha Allahu. Monitan samfurin Electrohome G07 ne, inci 19, an kafa shi a tsaye, kuma da na fito da shi haske sai ga rubutun maki ya ƙone a saman gilashin, inuwarsa na nan ko babu wuta. Wasu na ƙin wannan, ni kam ban damu ba, shekarun aikinta ne.

Sauran akwatin muka ɗaure a kurar ɗaukar firiji da igiya biyu, shi a sama yana riƙe ni a ƙasa ina tarewa, taka ɗaya mu tsaya, taka ɗaya mu tsaya. A ta tara ƙasan da ya sha ruwa ya ɓare, wani guntu ya faɗo kan ƙafata garin katako ya watse, akwatin ya karkato kaina na sa kafaɗa na tokare ina Innalillahi, shi kuma yana Yaya riƙe, Yaya riƙe, na riƙe. Mun fi minti biyu a haka kafin numfashi ya dawo. A kwanar sai da muka cire ƙarfen dafawa na matakalar sannan ta wuce, tsakaninta da bango ko yatsa bazai shiga ba.

Besmen ɗin kansa shekara biyu kenan ina fama da shi da kaɗan kaɗan. Wanda bai zauna ƙasar nan ba bazai gane yadda ɗakin ƙasa yake da ruwa ba, mu a Kano ina muka san wani ɗaki a ƙarƙashin gida, a nan kuwa in aka yi ruwan sama mai ƙarfi ko ƙanƙara ta narke ƙasa ce ke turo ruwa ta bango. Akwai rami a lungu da famfo mai zuƙewa, na ƙara masa na batir saboda ranar da wuta za ta ɗauke ana tsaka da ruwa, injin tsotse danshi kuma na saita shi a danshi kashi 50 cikin ɗari yana aiki dare da rana. Kowane akwati na ɗora shi kan katako mai kauri ya ɗaga daga siminti. Mai gyaran wuta ya ja min layi daban na amp 20 wancan bango. Fentin bango na yi shi shuɗi mai duhu, fitilun rufi na rage su, don hasken da nake so a ɗakin na allunan saman injinan ne. Kafet ne har yanzu ban saka ba, kuma bayan abin da na gani a ƙasan Galaga yau ina ganin tayil ɗin roba zan saka.

Bayan la'asar muka maida monita, na duba fiyus ɗaya bayan ɗaya, na tabbatar tiransifomar da ke raba monita da wutar gida tana nan a haɗe don G07 ba a kunna shi babu ita. Bismillah na kunna. Kwalba ta yi ɗan zuuu ɗinta, wuyanta ya yi ja, hoto ya fito amma shara ce zalla, haruffa da launuka a warwatse sun tsaya cak. Ƙanin nawa ya kalle ni. Ni kuwa daɗi naji, don monita na da rai kenan, saura bod.

Bod ɗin Galaga an san shi da wannan hali. Hawa biyu ne da faffaɗar waya mai haɗa su, cif ɗin ƙwaƙwalwa samfurin Z80 har guda uku ke aiki tare a ciki, ga wasu cif cif na Namco na musamman da ƙafafunsu ke yin baƙi da tsufa kamar tsohuwar azurfa, in ɗaya bai taɓa soket da kyau ba duka sai su tsaya. Na auna wuta da mita naga 4.7, na goge bakin bod ɗin inda ya yi baƙi na ɗan matse filogin ta dawo 5 daidai. Sannan na shimfiɗa tawul a tebur na dinga ɗaga cif ɗin ɗaya ɗaya da siririn sukundireba, kaɗan ta nan kaɗan ta can don ƙafar kamar busasshen kara take, in ta karye ka shiga uku. Ina gogewa ina mayarwa. Wajen awa biyu a haka, magariba ta yi muka hau muka yi sallah muka dawo.

Kunnawa ta biyu sharar ta fito ta yi rawa ta share kanta, sai ga RAM OK, ROM OK, wato ta gwada kanta lafiya, sai layukan raga, sai wata ƙara buum daga lasifika da ta sa autata ta yi tsalle daga kan matakala. Sai taurari.

Ni Galaga a Kano na santa, a kaset ɗin famili kom mai wasa barkatai a ciki, gidan maƙwabcinmu, talabijin ƙarami mu kusan takwas a tabarma ana karɓa karɓa, in an ɗauke wuta kowa ya yi tagumi. Ban taɓa sanin tana da akwati nata mai tsayin mutum ba sai da na zo ƙasar nan aka kai ni gidan gem na Galloping Ghost a Brookfield, inda kake biya a ƙofa ka buga ɗaruruwan injina iya son ranka. Ranar na tsaya gabanta na kai awa, daga nan ne duk wannan ya faro.

Na jefa kwata ta ƙofar da gaske, naji ta gangara ta faɗa akwatin ƙarfe, mita ta koma 41,737. Na ɗora autata kan kujera nace ke za ki fara. Shekararta tara. Tana ta danna maɓalli da ƙarfi nace a'a, harsashi biyu kawai ke iya zama a sama lokaci ɗaya, ki nufa tukun. Da babban koren ƙwaron ya sauko ya buɗe haskensa zai zuƙe jirginta ta gudu lungu, nace ki bari ya kama ki. Ta juyo tace Abba ya kama ni fa? Nace eh, in ya sake saukowa da jirgin naki ki harbe shi shi kaɗai kar ki taɓa naki. Karo na farko nata ta harbe, ta kusa kuka. Na sake jefa kwata. Karo na biyu ta samu, jirgin ya juyo ya sauko ya manne da ɗan'uwansa suka zama biyu, ta kurma ihu har mamanta ta leƙo daga sama da ludayi a hannu. A zagayen kyauta na mataki na uku ta kakkaɓo 31 cikin 40. Kawunta da ya ce akwai a waya sai da matarsa ta kira sau biyu kafin ya saki sandar, yana tafiya yana cewa Yaya gobe bayan azahar ina nan.

Aiki na nan jibge. Hoton yana ɗan lanƙwasa ta sama kuma ja ya yi rauni, kafasitocin monitan duka sai an canza, na riga na yi odar su. Ƙasan akwatin sai na yanke ruɓaɓɓen na dasa sabon katako, robar gefe kore zan nemo irin tata, fitilar allon sama ta mutu. Fentin da tafin hannu ya cinye kuwa da ƙunar tabar nan babu mai taɓa su.

Yanzu na sauka na zubar da ruwan injin danshi na kashe komai. Takardar sunayen masu maki da autata ta rubuta da biro ta manna a gefen Galaga, sunanta a sama da 23,480, na kawunta a ƙasa, ta bar layi ɗaya babu komai tace nawa ne, don har aka tashi ban samu na buga ko sau ɗaya ba.