Baƙin man garejin bariki da rijiyar Inna

Shekara huɗu na yi a garejin wani barikin soja nan yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru, ni ba soja ba ne, makaniki ne farar hula, amma da yake na fi kowa daɗewa a wajen sai ajidan ɗinmu, wato sojan da ke sama da mu, ya ɗora min kula da shara da baƙin mai. Wallahi da farko na ɗauka aikin tsintsiya ne kawai.

Da can in an yi wa mota juye, bidanj kamar yadda muke cewa, bayan katanga ake kai man a tuttular cikin wani rami, rairayi ya shanye kowa ya manta. Sai wata damina cikin watan Agusta wata dattijuwa daga unguwar da ke bayanmu ta zo bakin ƙofa da bokiti a ka, ta ce ɗana leƙa ka gani. Na leƙa, saman ruwan yana walƙiya kala kala kamar bakan gizo, ga wari. Na ce Inna daga ina? Ta ce rijiyar gidanmu, da shi nake wa jikokina kunu. Ranar ban iya cin tuwon dare ba.

Mun rufe ramin, mun kwashe ƙasar da ta yi baƙi, aka zuba siminti a inda ake juye aka kawo duro masu murfi. Amma kuskurena na farko duron na ajiye can nesa kusa da sito, direban da ya dawo daga sintiri wajen Mora ko Kuseri a gajiye, ƙura har cikin ido, ba zai ɗauki mai ya yi wannan tafiyar ba, sai da na jawo su dab da bakin ramin gyara na sa mazurari sannan abin ya zauna. Kuma ni ba na ba soja umarni, ajidan nake bi ta wajensa ya faɗa lokacin fareti, magana ɗaya ta wadatar.

Tsofaffin batura sun fi ba ni tsoro. Yara ne ke tsinta su fasa don dalmar ciki su sayar, ruwan batir na zuba musu a hannu, ita kuwa dalma illa take wa ƙwaƙwalwar yaro. Yanzu a kulle suke, ana ƙirgawa a rubuta a littafi. Taya ma mun daina ƙonawa. Leda dai har gobe muna fama, duk da tun 2014 gwamnatin Kamaru ta hana marasa kauri.

Rijiyar Inna an yashe ta sau biyu warin bai tafi duka ba, wanki kawai suke yi da ita, ruwan sha kuma tankinmu ke kai musu duk Talata da Juma'a.