Farantin Ɗalibi da Tsakar Rana

Ina farin ciki ƙwarai idan na ga makaranta ta ɗauki abincin ɗalibanta da muhimmanci, domin yaron da yunwa ta kama ba ya iya mai da hankali kan allo, komai gwanintar malaminsa. Farantin da ke burge ni shi ne wanda ya haɗa hatsi da ganye da wake ko ƙwai, ga 'ya'yan itace a gefe, kuma ana sauya shi daga rana zuwa rana. Wannan sauyin yana da dalili, tun da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki yakan jawo kasala da rashin natsuwa a aji. Ƙasar Finlan ta gane muhimmancin abincin makaranta da wuri, domin tun 1948 take ciyar da ɗalibanta kyauta.